Abin da Gulbi Bai Ci Ba: Waiwaye Kan Maraɗi Kwalliya

Akwai wata magana da ake yawan yi duk lokacin da aka zauna zancen kayan tarihi a ƙasar nan, kuma na sha jin ta daga bakin mutanen da nake ganin girmansu: wai Maraɗi ba ta da tsohon gari. Agadas na da hasumiyarta mai tsawon mita 27, ga tsohon garin da ke kewaye da ita wanda UNESCO ta sa cikin jerin kayan gadon duniya a 2013. Damagaram na da Birni da fadar Sarki da gidaje masu zane a goshi. Maraɗi kuwa, in ji masu wannan magana, kasuwa ce da miƙaƙƙun tituna, saboda haka duk wanda ya shigo da katafila ya yi aikinsa hankali kwance, babu abin da zai ɓata. Ina ganin wannan magana kuskure ce, kuma kuskuren ya riga ya jawo mana asara. Yanzu da aka ba shekara goma baya da bikin Maraɗi Kwalliya, ƙura ta lafa, ana iya duba lamarin ba tare da an ce mutum yana yi wa wani ɓangare kamfe ba.

Rabin maganar tasu gaskiya ne, kuma ya kamata a faɗe shi. Bayan da mayaƙan jihadi suka ci Katsina a 1807, zuriyar sarakunan Hausa na birnin suka yi arewa. Sun yi ƴan shekaru suna yawo, har Damagaram sun taɓa, kafin Ɗan Kasawa ya zauna a Maraɗi wajen 1819. A cikin fadama suka kafa birninsu, bakin gulbi, tsakiyar kurmi, suka ja masa ganuwa. Gobirawa ma haka ta same su: Alƙalawa ta faɗi a 1808, sannan bayan yaƙin Gawakuke na 1836, inda Sarkin Gobir Ali da Sarkin Katsina Rauda suka kwanta dama, Mayaƙi ya kafa Tibiri a gefen wannan gulbin. Wancan birni na Ɗan Kasawa shi ne ambaliyar 1945 ta cinye. Turawan mulki suka ce a hau tudu, suka yanka sabon gari kare-kare kamar gidan dara, tituna na gicciye juna. Saboda haka wanda ya zo Maraɗi neman katangar da ta ga Ɗan Baskore zai koma hannu rabbana.

Sai dai a tambayi waɗanda suka hau tudun me suka ɗauko. Kakata, wadda take amarya a shekarar, takan lissafa mana: azara, da ƙyauren ƙofa, da turmi, da randar da ba ta fashe ba. Ba ta taɓa sa sunan unguwa cikin lissafin ba, domin a wurinta ba kaya ba ne da za a ce an ɗauko ko an bari. Amma shi ne babban abin da aka ɗauko. Bagalam, Mokoyo, Maraɗawa, Limanci, Ɗan Gulbi, Ƴandaka: waɗannan sunaye sun girmi titunan da suke kansu a yau. Bature ya ja layukansa, mutane suka zuba tsohon zamansu a ciki, dangi kusa da dangi, malamai wajen malamai, fada da dandalinta da masallacinta a inda ido zai fara sauka. Wanda ya taɓa zuwa Katsina ya san akwai Ƙofar Ƴandaka da Ƙofar Ƙaura da Ƙofar Durɓi. A Maraɗi waɗannan sunaye sarautu ne masu rai, su da Galadima, kuma har gobe Sarkin Katsina ake ce wa mai fadar. Wato mutanen nan sau biyu suna tashi, daga Katsina zuwa fadama, daga fadama zuwa tudu, kuma duk tashin biyu tsarin zamansu suka fara kintsawa kafin tubali. A ganina, duk mai son sanin abin da ya cancanci a kiyaye a Maraɗi, to ga ma'auni nan kakanni sun bar masa.

A 1964 wani Bafaranshe, Philippe David, ya fitar da ɗan kundinsa mai suna Maradi, l'ancien État et l'ancienne ville, shekara 19 kacal bayan ambaliya, lokacin da waɗanda suka yi wasan ƙasa a tsohon gari ke da sauran ƙarfinsu. Shekarata kusan ashirin ina koyarwa, ban taɓa ganin wannan kundi a hannun ɗalibi ba, kuma laifin namu ne mu malamai kafin ya zama na kowa. Na taɓa tambayar ƴan aji guda, yara sama da sittin, ina Maraɗi take kafin ta hau tudu. Uku suka ɗaga hannu. Biyu sun ce Katsina. Ɗaya, yarinya ce ƴar Bagalam, ta ce inda garkar kawunta take, domin in yana haƙa rijiya yakan tono sakaina da gutsattsarin tukwane. Ita kaɗai ta ba da amsa, kuma ba a lakwal ta samo ta ba.

To, a kan wannan gari ne aka zo da Maraɗi Kwalliya. Mai karatu ya san tsarin da ake bi a wancan lokaci: kowace shekara a zaɓi babban birnin jaha guda ya karɓi bikin ranar Jamhuriya ta 18 ga Disamba, a zuba masa ayyuka kafin ranar. Doso ta yi nata a 2014, Maraɗi a 2015, Agadas a 2016, Tawa a 2017, Damagaram a 2018. Ba na cikin masu cewa ba a yi kome ba. Wanda ya san yadda wasu hanyoyin garin nan suke da damina kafin a zuba musu kwalta, ya san ɗan kabu-kabu da mai amalanke sun samu sauƙi, kuma fitilar titi ba ƙaramin abu ba ce ga macen da ke dawowa daga asibiti da dare. Garin da aka ƙidaya mutum wajen 45,000 a cikinsa a 1977, aka ƙidaya sama da 267,000 a 2012, ba zai ci gaba da zama cikin rigar da aka ɗinka masa a 1945 ba.

Inda nake da ja shi ne kan sunan da aka zaɓa, domin sunan ya faɗi gaskiyar aikin fiye da yadda masu shi suka nufa. Kwalliya a fuska ake yin ta, don baƙo, kuma tana da rana. Aikin da aka ɗaure wa wuya da ranar biki dole ya fara da inda ayarin manya zai bi, ya ƙare da inda kyamara za ta haska. Ba shi da lokacin zama a zauren mai unguwa a tambayi dattawa ta ina ruwa ke bi in an yi mamako, ko wace bishiya ce ba a sarewa, ko me ya sa wancan fili da ake gani kamar banza aka bar shi tun zamanin kakanni. Irin waɗannan tambayoyi ba su shiga takardar kwangila. Bahaushe kan tambaya ko kwalliya ta biya kuɗin sabulu. Ni tambayata ta fi wannan ƙanƙanta. A cikin duk abin da aka kashe, nawa aka ware don a auna inda ganuwar tsohon birni ta bi, a kafa ko da allo guda a bakin garake mai cewa nan ne aka fara? Wanda ya san inda irin wannan allo yake, ina roƙonsa ya kai ni, in tafi da ɗalibaina.

Kada a ɗauka ina cikin masu kukan ginin ƙasa don kawai ƙasa ce. Wannan ma wata cuta ce da ta kama wasu daga cikinmu ƴan boko da ƴan ƙungiyoyin al'adu: mutum na kwana cikin bulon siminti, ƙarƙashin fanka, ya fito taro yana yabon sanyin soro da kyan zanko, yana son talaka ya zauna cikin tubali don a samu abin ɗauka hoto. Wanda ya ga abin da ruwan ƙarshen watan Agusta na 2024 ya yi a garin nan, gidaje suka zube, aka rasa rayuka, ba zai yi wa mai neman siminti dariya ba. Kwanaki kaɗan bayan haka, a farkon Satumba, tsohon masallacin Damagaram na ƙarni na 19 ya rushe mutane na kallo. Shekara guda kafin nan, a Agusta 2023, wani sashe na masallacin Juma'a na Zariya, aikin Babban Gwani, ya rufta kan masallata. Waɗannan gine-gine ne da kowa ya yarda kayan tarihi ne, ga sarakuna a kusa da su, amma ba su tsira ba. Ina ga ɗakin gwauruwa a lungun Mokoyo?

Duk da haka, ya kamata a fahimci yadda ginin ƙasa ke mutuwa, domin ba kullum laifin ƙasar ba ne. Kowane tsohon magini zai gaya maka katanga ta ƙafa take mutuwa ko ta kai. Ta kai, in indararo ya toshe ko an yi shekaru ba a yi yaɓe ba. Ta ƙafa, in ruwa ya kwanta a gindinta. Yanzu a duba abin da ke faruwa idan aka ɗaga titi da ciko da kwalta har ya fi daɓen gidajen da ke gefensa tsawo, ba a yi masa magudana mai zurfi ba, ko an yi an bar ta ta cika da leda da yashi: ruwan da dā yake bin titi ya wuce, yanzu zaure yake nema. A ƙara da cewa duk sabuwar unguwar da aka rufe da kwano a can saman tudu, ruwanta gangarowa yake yi wajen gulbi, kuma tsofaffin unguwanni ne a kan hanyarsa. Sannan ga shafen siminti da ake yi wa katangar ƙasa da nufin kare ta, wanda ke riƙe danshi a ciki har ranar da zai ɓamɓare ya taho da rabin katangar. Idan aka haɗa waɗannan, sai a ga sau da yawa gyaran da aka yi rabi da rabi shi ke kashe tsohon gida, sannan a dawo a ce ai ga shi nan, ƙasa ba ta da amana.

Kuma ba sai mun je nesa neman shaidar cewa ana iya yin abin da ya fi haka ba. Masallacin Yama, a jahar Tawa, wanda Falke Barmu ya gina da ƙasa, ya ci kyautar Aga Khan ta gine-gine a 1986. A Dandaji, lokacin da jama'a suka bukaci sabon masallaci mai faɗi, Mariam Kamara da Yasaman Esmaili sun mai da tsohon ya zama ɗakin karatu, suka gina sabon a gefensa da tubalin ƙasa da aka matse da inji, aka gama a 2018. Mutanen Dandaji sun samu faɗin da suke nema, tsohon gini kuma ya samu aikin yi, wanda shi ne kaɗai abin da ke hana gini zama kufai. A ɗaya gefen kuma ga Kano, inda aka rushe Ƙofar Na'isa a 2010 don faɗaɗa hanya, aka tada wata sabuwa a madadinta. Sunan yana nan, mota na wucewa, amma hannun maginan farko ya tafi.

Abin da ya fi damuna a Maraɗi, duk da haka, ba ya cikin jerin ayyukan kowace gwamnati, domin mu da kanmu muke yin sa, gida-gida: mutuwar zaure. A gidanmu aka yi, shi ya sa nake faɗa ba kunya. Bayan rasuwar mahaifinmu, muka zauna rabon gado, aka ga zauren na bakin titi, aka ce a fasa shi a fitar da shaguna biyu, kuɗin haya ya riƙa ɗaukar nauyin tsohuwa. Ban musa ba, har ni na kawo magini. Lissafin daidai ne, kuma har yau hayar na shigowa. Amma a zauren nan ne almajirai ke karatun dare, nan ake ɗaurin aure da zaman makoki, nan baƙon da ya sauka daga ƙauye yake shimfiɗa tabarmarsa ba sai ya nemi izinin kowa ba, nan maƙwabta biyu da suka saɓa kan katanga suke zuwa a sasanta su kafin maganar ta kai gaban alƙali. Yanzu in an yi mana rasuwa sai mun tare titi da rumfar haya. A ninka wannan sau dubu, za a ga yadda unguwa ke rasa abin da ya mai da ita unguwa alhali ba katafilar da ta shigo. Garin da Emmanuel Grégoire ya rubuta littafi sukutum a 1986 kan Alhazansa ba za a hana shi buɗe shago ba, kuma ba na neman a hana. Ina dai tambaya ko masu zana mana gidajen zamani, waɗanda ba su mantawa da wurin ajiye mota, ba za su iya tuna wurin ajiye baƙo ba.

Gari kuma yana tafiya. Wanda ya bi hanyar Tibiri ko ta Jiratawa a ƴan shekarun nan ya ga turakun siminti na masu awon fili sun tsaya cikin gonaki kamar an shuka su. Tibiri na da abin da Maraɗi ta fara sakewa: fada mai cikakken tsari, da Taran Gobir, da gidan Inna, da wuraren da ake zuwa a wasu ranaku na shekara waɗanda a idon mai awo fili ne kawai da wata tsohuwar bishiya. Na san wannan magana tana da ƙaiƙayi a garinmu, inda da yawa ke ganin duk abin da ya shafi Inna ko Iya shirka ce da gara a manta. Ba na kiran kowa ya yi imani da abin da bai yarda da shi ba. Amma sanin inda kakanka ya tsaya daban, bin sa daban, kuma tarihin Gobir ba ya karantuwa in aka cire Inna daga ciki. Idan aka yanka irin wannan wuri aka sayar, ba wanda zai sake sanin ya taɓa kasancewa.

Jiratawa kuwa nata gadon a hannu yake da ƙasa. Ga gandun noman rani mai faɗin hekta wajen 500 da aka shimfiɗa a farkon shekarun 1980, wanda zogalensa ya yi suna har Yamai. Ga masu ginin tukwane da tulunansu da randunansu suka daɗe suna sanyaya ruwan Maraɗi tun kafin a san firji. Mai ginin tukwane ba ta bukatar gidan tarihi. Tana bukatar ramin yumɓunta ya zauna nata, da filin da take gasa kayanta, da wuri a kasuwa inda ba za a kore ta don ta ɓata kwalliya ba. Ranar da aka yanka ramin yumɓu aka yi kare-kare, sana'ar ta mutu ko da an rataya hoton tulu a kowane ofis.

Abin mamaki, manoman jahar nan sun riga mu gane wannan. Tun shekarun 1980 suka fara abin da ake kira sassaben zamani: mai gona ya daina share kome ƙarƙaf, ya duba kututturen da ke da rai a ƙasa, ya zaɓi tohon da zai bari, ya sassabe sauran. Da haka gawo da kalgo suka dawo gonakin da aka fid da rai da su, har masana daga ƙasashen waje suna zuwa kallo. Manomin bai bar noma ba, bai kuma bar gonarsa ta zama daji ba. Ya dai koyi dubawa kafin ya sara. Ma'aikatar magajin gari da ke tsakiyar waɗannan manoma ba ta da uzurin cewa dabarar baƙuwa ce.

Doka ma akwai. Tun 1997 Nijar ke da dokar kiyaye kayan gadon al'adu, kuma tafkin Madarunfa da kaburburan waliyyansa 99 na cikin jerin wuraren da ƙasar ta miƙa wa UNESCO a 2006 don a duba. Amma doka ba ta kare abin da ba a rubuta ba, kuma a nan ne nake ganin aikin ya faɗo kanmu, malamai da ƙungiyoyi, tun kafin a kai ga injiniyoyi. Kafin a sake zuwa da wani babban shiri, ya kamata a ce kowace tsohuwar unguwa tana da kundinta: asalin sunanta, gidajen sarauta da na malamai da na sana'a, rijiyoyi, maƙabartu, manyan itatuwa, hanyoyin ruwa, da zaurukan da suka rage. Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo na da ɗaliban da ke neman abin bincike; fadar Maraɗi da ta Tibiri na da maroƙa da dattawan da ke riƙe da jerin sunaye a ka. Idan kundin ya samu, a kai shi ma'aikatar magajin gari a ce duk mai kwangilar da zai taɓa unguwar sai ya karanta ya sa hannu. Ba zai hana a yi titi ba. Zai sa a san abin da ake bayarwa a madadin titin, a kuma yi magudana kafin kwalta. Lokaci kuma ba ya jira: tun 2021 aka aza harsashin layin dogo daga Kano ta Katsina da Jibiya zuwa Maraɗi, kuma kowa ya san abin da labarin jirgi kaɗai ke yi wa farashin fili.

Yaron da yake da shekara goma ranar da gulbi ya shiga tsohon gari, yau ya kai casa'in. Su ne na ƙarshe da za su iya tsayawa cikin garake su nuna da sanda su ce nan ƙofa take, nan kasuwa, nan fada. A bana na raba ɗalibaina na ajin Hausa gida shida, kowane gida da unguwa guda da littafin rubutu guda, na ce su nemo mini mafi tsufan mutum a unguwar su zauna gabansa. Ƴan Limanci sun dawo da shafi goma sha ɗaya. Ƴan Ɗan Gulbi sun dawo da shafi biyu, domin tsohuwar da aka nuna musu ta rasu sati guda kafin su je, sai jikarta ce ta ba su abin da ta iya tunawa.